Ɗan tsako ya tsere, da aka kamo shi sai ya yi laushi

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da 'yan tsaki 12, kwanansu 6. Jiya ɗaya ya fice ta wata kafa a jikin kwali ya shige ƙarƙashin kabad. Muka yi ta zungurarsa da sanda, da ya fito yara suka bi shi da gudu har suka damƙe shi. Tun lokacin ya yi laushi, ido a lumshe. Wani ya ce in fasa kafso in ɗura masa da ruwa. Hankalina a tashe yake. Me zan yi, kuma yaya ake kamu in hakan ta sake faruwa?

Amsa: Malama, ajiye kafson nan tukuna. Tsakon da ya daɗe kan siminti, abin da ya fi damunsa sanyi ne da gajiya. A wannan shekarun ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa, shi ya sa a makon farko ake son wurinsu ya kai digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 duk mako. Ki naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma, ki jingina shi da ita a ƙaramin kwali, nesa da hayaniya.

Kamu kuma ba da gudu ake yi ba. A rufe ƙofa, a fitar da mage, yara su zauna, domin taka tsako ya fi kama shi sauƙi. Ki kawo kwalin 'yan'uwansa kusa da inda ya ɓuya, ki rage hasken ɗaki, ki bar fitilarsu kaɗai. Kukansu da ɗumin fitila su ne za su jawo shi. Idan ya fito, ki tsuguna, ki kora shi lungu a hankali da faifan kwali. Kada ki kawo masa hannu ta sama, a wurinsa wannan shaho ne. Hannu ɗaya ta ƙasa ya tsaya a tafinki, ɗayan ya lulluɓe bayansa da fukafukai. Ba a ɗaga shi ta ƙafa ko fiffike, ba a kuma matse ƙirji. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake shaƙar iska, in kika matse kin tsayar masa da numfashi ko da bakinsa a buɗe yake.

Yanzu zancen ɗure, wanda kusan kullum sai na yi faɗa a kansa. Ki buɗe bakin kaza babba ki duba: a gindin harshe akwai 'yar tsaga mai buɗewa tana rufewa. Ƙofar numfashi ce. Hanyar abinci tana bayanta. Lafiyayyen tsako yana tsoma baki a ruwa, ya ɗaga kai ya haɗiye da kansa, tsagar a rufe. Wanda ya galabaita ba ya iya wannan. Kina matsa sirinji, ruwan ya zarce huhu. Sai a ji numfashinsa yana ƙara, kumfa na fita ta hanci, kafin gari ya waye ya mutu, mai shawarar kuma ya ce ai dama ciwon ya ci ƙarfinsa. Wane ciwo? Tsakon da yake tsalle jiya da safe? Kuma a ce ruwan ya bi hanya daidai, me maganin kashe ƙwayoyin cuta zai yi wa sanyi da firgita? Kafson da aka auna don babban mutum, a juye wa ɗan tsako mai kwana shida! Masu wannan shawara ko ma'auni ba su taɓa riƙewa ba, duk abin da ya sami kaza, kafso.

Idan ya ɗumama ya fara ɗaga kai, ki tsoma ƙarshen bakinsa kawai a ruwa cikin murfin kwalba, ki bar shi ya haɗiye. Ki duba tafiyarsa. In yana jan ƙafa, ko fiffike ɗaya ya sauka, ki ware shi don kada sauran su tattake shi, ki kai wa likitan dabbobi. Sai ki wanke hannu da sabulu, ke da yaran, ki kuma toshe kafar kwalin nan yau.