Rage gudun harsashin .45-70: zai kayar da barewa da beyar?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Ohio ta Amurka, ina da bindiga Marlin 1895 mai cin harsashin .45-70. Harsashin kanti yana naushin kafaɗata har na fara runtse ido kafin in ja kunama. Ni nake ɗura harsasaina da hannu. In na rage musu gudu, za su kashe barewa, da baƙin beyar in na je jihar Maine?

Amsa: Za su kashe, ɗan'uwa. Abin da kake kira ragewa ai komawa asali ne. Lokacin da sojojin Amurka suka karɓi wannan harsashi a 1873, dalma ce mai nauyin giren 405, wato kamar gram 26, a kan giren 70 na baƙin albarushi, tana tafiyar ƙafa 1,300 da 'yan kai a daƙiƙa. Nauyi da faɗi ne ƙarfinsa. Ramin da yake hudawa ya kusa rabin inci tun bai buɗe ba. Ni a wurina runtse idon nan ya fi komai illa, domin maharbin da ke tsoron bindigarsa tumbin dabba yake samu maimakon huhu.

Sai dai a wajen albarushin ne ake yin ɓarna. Kwanson .45-70 babba ne, an yi shi don baƙin albarushi mai cika wuri. In ka ɗauki albarushi mai jinkirin ci ka rage shi da ka, yana iya kamawa rabi da rabi, dalma ta maƙale a bututu, harbi na biyu ya fasa bindiga. In kuma mai saurin ci ne irin na ƙaramar bindiga, ɗan kaɗan ake zubawa, har kwanso ya ɗauki awo biyu ido bai lura ba. Saboda haka haska tocila cikin kowane kwanso kafin ka ɗora dalma. Akwai irin albarushin da suka dace da wannan aiki: Accurate 5744, da Trail Boss mai cika kwanso, da H4895 wanda kamfanin Hodgdon ya ce ana iya saukowa da shi zuwa kashi 60 cikin ɗari na awo mafi girma. Littattafan ɗuri sun raba .45-70 gida uku bisa ƙarfin bindiga. Buɗe shafin Trapdoor, tsohuwar bindigar sojan nan wadda ita ce mafi rauni a cikinsu, can ne awon da kake nema. Awo daga littafi, ba daga bakin aboki ba.

Kan harsashi kuma, zaɓi dalma mai tauri mai faffaɗan baki. Masu rigar tagulla da yawa ba sa buɗewa in gudu ya yi ƙasa. Ga shi a Marlin harsasai a jere suke, bakin wannan a gindin wancan, mai tsini haɗari ne.

Abin da za ka biya shi ne nisa. In ka saita a yadi 100, a yadi 200 ya sauka kamar ƙafa biyu. Tsaya a 100 zuwa 125, ka sake saiti da sabon ɗurin kafin ka shiga daji. Baƙin beyar yana da kitse da gashi masu toshe jini, don haka jira ya ba ka gefe, dalmar ta ratsa huhu biyu ta fita. Babban beyar na Alaska kuwa, wannan ɗurin ba nasa ba ne.