Ga mai son aikin sa kai a asibiti kafin karatun likita

Assalamu alaikum. Ƙanwata da kika ce kin gama sakandare, kina son ki riƙa zuwa asibiti aikin sa kai, kina tambaya ko zai taimaka miki wajen samun gurbin karatun likita: ba zai ƙara miki maki ko ɗaya ba. Da ABU da BUK da jami'ar Danfodiyo, makin JAMB da na tantancewa da sakamakon WAEC ko NECO suke dubawa. Duk da haka ki je. Karatun nan shekara 6 ne, kuma sai an yi nisa ake fara shiga wurin marasa lafiya. Gara ki san tun yanzu ko zuciyarki na ɗaukar jini da wari da kukan yara.

Na daɗe ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa, kuma irinsa nake ba ki shawara, domin a asibitin koyarwa ba mai lokacinki. Ki nemi izinin gida, ki kai wa shugaban asibitin takarda. Ki roƙa a sa ki ranar awo da ranar rigakafi. Za ki cika kati, ki auna nauyin jarirai, a koya miki ɗaura ma'aunin damtse, wanda in ya nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, yaro ya shiga tamowa mai tsanani. A nan za ki ga uwa ta kawo jariri allurar Penta (rigakafin cututtuka biyar a allura ɗaya) ta sati 6, ya yi zazzaɓi da dare, maigida ya hana ta dawowa ta sati 10 da 14. Ki kasa kunne ki ji yadda ma'aikaciyar da ta san aikinta take lallashin irin wannan uwar, tana gaya mata tun kafin ta tafi cewa jikin zai yi ɗumi kuma zai wuce. In damina ta yi tsakiya kuwa, layin gwajin maleriya kaɗai ya ishe ki karatu.

Inda nake jan kunnenki: ba za ki yi sati ba mata za su fara kiranki likita, kuma abin da daɗi. Ki ce musu ɗaliba ce ke. Kada ki yi wa kowa allura, kada ki faɗi sunan magani, ko da aiki ya yi yawa an ce ki taimaka. Na ga yaran da aka sake wa hannu haka, suka koma gida suna yi wa maƙwabta allura a ɗaki.

Sai sirri. Asibitin unguwarku ne, katin matar maƙwabcinku zai biyo ta hannunki. Ko Umma ba za ki gaya wa ba.

Kafin ki fara, ki yi rigakafin ciwon hanta nau'in B, allura uku ce cikin wata 6, kuma kada ki taɓa mayar da murfi kan allurar da aka yi amfani da ita. Allah ya ba da sa'a, ya sa mu ga sunanki a jerin waɗanda aka ɗauka.