Likita Ya Amsa: Damuwa da Fargaba a Tsakanin Ɗaliban Sakandare

Tambaya: Likita, 'yata tana aji shida na sakandare, kuma tun da jarrabawar WAEC ta matso take kukan ciwon ciki da ciwon kai kullum da safe. An yi mata gwajin maleriya da taifot, ba a ga komai ba. Ko ƙarya take yi? (Wata uwa daga Gwammaja)

Amsa: Hajiya, da wuya a ce ƙarya take yi. Idan fargaba ta kama mutum, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, sai zuciya ta riƙa dukan uku-uku, tafin hannu ya jiƙe da gumi, ciki ya murɗa, wani lokaci har da gudawa. Yaranmu ba kasafai suke buɗe baki su ce suna cikin damuwa ba, saboda kunya da gudun kada a ce sun cika raki, don haka a jiki abin yake fitowa. Ki lura ko ciwon yana lafawa a ranakun da babu makaranta. Sannan ki keɓe da ita, ba a gaban ƙannenta ba, ki tambaye ta abin da take tsoro, ki saurara har ta gama, kuma don Allah a daina kwatanta ta da 'yar maƙwabta. Yana da kyau a auna jininta, domin ƙarancin jini ma yana kawo faɗuwar gaba da ciwon kai ga 'yan mata.

Tambaya: Ina kwana karatu da goro da kofi, amma da na shiga ɗakin jarrabawa sai komai ya ɓace mini. Abokina ya ce in gwada tiramol. (Ɗalibi daga Hotoro)

Amsa: Ɗana, kada ka kusanci tiramol. Maganin ciwo ne mai ƙarfi da yake kama mutum, yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma ba ya ƙara wa kowa basira. Goro da kofi kuwa suna ƙara bugun zuciya. Matashi kamarka yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Idan aka raba takarda kanka ya ɗaure, ka ajiye biro, ka ja numfashi ta hanci kana ƙirga huɗu, ka sake shi a hankali kana ƙirga shida, ka maimaita na minti ɗaya, sannan ka fara da tambayar da ka fi sani.

Tambaya: Yaushe ya kamata mu tura ɗalibi asibiti? (Malamin makaranta daga Kurna)

Amsa: Malam, idan damuwar ta kai mako biyu tana hana shi barci, cin abinci ko zuwa aji, a sanar da iyayensa a ga likita. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, kuma zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace. A ci gaba da addu'a, a haɗa da magani. Idan kuwa ya ambaci cutar da kansa ko gajiya da rayuwa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.