Kanada da Amurka: Maƙwabtan da Ba Sa So a Ce Su Ɗaya Ne

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbin karatu a wata jami'a a Toronto. Suna waya da mutumin da zai ba shi hayar ɗaki, sai ya ce masa, "Ai ku da Amurkawa duk ɗaya ne." Nan take mutumin ya daina dariya, hirar ta yi sanyi. Wai me ke tsakaninsu ne, kuma me zan ja masa kunne a kai kafin ya tashi? Daga Hajiya Rabi, Hindawiyya, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa karatun albarka. Kin san yadda mutum ke ji a nan idan aka haɗa ɗan Nijar da ɗan Najeriya da ɗan Chadi aka ce duk Takari ne? To irin wannan ƙafar yaron ya taka.

Kusancin ne ma ya kawo abin. Iyakarsu ta kusa kilomita 8,900, babu mai tsawonta a duniya. Yawancin mutanen Kanada a kusa da ita suke zaune, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na kayan da suke fitarwa Amurka suke zuwa. Finafinai da waƙoƙin Amurka sun cika musu gida, har sai da aka wajabta wa gidajen rediyon kasuwanci cewa kashi 35 cikin ɗari na waƙoƙin zamani da suke sawa su zama na 'yan ƙasa. Firaminista Pierre Trudeau ya faɗa a Washington a 1969 cewa zama kusa da Amurka kamar kwana da giwa ne: ko tana da kirki, duk motsin da ta yi sai ka ji a jikinka.

Da talakan Amurka ba su da rigima. Suna auratayya, suna ziyara. Ranar 11 ga Satumba, 2001, da Amurka ta rufe sararin samaniyarta, jirage 38 ne suka sauka a ɗan ƙaramin garin Gander na Kanada, mutanen garin suka ciyar da dubban baƙi na kwanaki. Inda ake samun saɓani shi ne tsari. Abu biyu ne ɗan Kanada zai fara ambata: asibiti da bindiga. A wurinsu gwamnati ke biyan kuɗin ganin likita, tsarin da ya faro daga lardin Saskatchewan a 1962, kuma ba a mallakar bindiga sai da lasisi. Suna kuma alfahari da cewa Firaminista Jean Chrétien ya ƙi shiga yaƙin Iraƙi a 2003.

Game da shugabannin Amurka kuwa, 'yan Kanada sun yi marhabin da Obama, amma Trump ya ɓata da yawancinsu. Ya riƙa kiran Firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, "gwamna", yana cewa Kanada ta zama jiha ta 51, sannan a 2025 ya ƙaƙaba harajin kashi 25 cikin ɗari a kan kayansu da dama. Sai ga 'yan kallo suna yi wa taken Amurka ihu a filin wasa, masu cefane suna juya kwalin kaya su ga inda aka yi shi kafin su jefa a kwando. Wannan fushin na cikin abin da ya ba Firaminista Mark Carney nasara a zaɓen 28 ga Afrilu, 2025. Amma kada yaron ya ɗauka bakinsu ɗaya: a Alberta, lardin man fetur, zai fi haɗuwa da masu sassauci ga Trump, mutanen Quebec kuma Faransanci suke yi, damuwarsu daban ce.

Ba kuma duk yabon da suke yi wa kansu ne za a haɗiye ba. A 2017 an harbe mutum shida har lahira a masallacin birnin Quebec, kuma dokar lardin ta 2019 ta hana sabbin malaman makarantun gwamnati sa hijabi a bakin aiki.

Abin da za ki faɗa masa, Hajiya: Firaminista ake cewa, ba shugaban ƙasa ba, lardi, ba jiha ba. Idan suka fara sukar Amurka ya saurara, kada ya fi mai kora shafawa, don wataƙila matar mai maganar Ba'amurkiya ce. Maganin kyautan da suke taƙama da shi bai shafi ɗalibin waje a Ontario, lardin da Toronto take, ba. Jami'a za ta sa shi a inshorar lafiya ta ɗaliban waje mai suna UHIP, kuɗin na cikin na makaranta. Bizar Kanada kuma ba ta shiga Amurka. Idan abokai suka ja shi Niagara, wurin yawon buɗe ido da ke kan iyakar ƙasashen biyu, ya tsaya a ɓangaren Kanada, kada ya haye gada, domin a can fasfonsa da biza za a duba, iƙamar Saudiyya ba ta da wani amfani a wurin.