Idan mutum ɗaya ke cinye komai, tseren keke bai zama abin gundura ba?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ban daɗe da fara bin tseren keke a talabijin ba amma abin ya fara isata. Duk tseren da Tadej Pogačar ya shiga tun kafin a tashi kowa ya san shi zai ci, wani sa'in saura kilomita 50 ko fiye zai ɓalle shi kaɗai, shikenan sai ka zauna kana kallon mutum ɗaya yana murza feda har layi. Abokina yace tarihi ake kafawa a idonmu, ni kuma nace barci yake sa ni. Wai idan mutum ɗaya ya fi ƙarfin kowa haka wasan bai lalace ba kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya kana da hujja, kuma kar wani ya sa ka ji kamar rashin sanin wasan ne ya sa kake gundura. Strade Bianche na 2024 a Italiya, saura kilomita 81 Pogačar ya tafi, babu wanda ya ƙara ganin ƙeyarsa, ya ci da tazarar kusan minti uku. Wajen awa biyu kenan kyamara tana bin mutum ɗaya. A shekarar dai ya ci Giro d'Italia, gasar sati uku ta Italiya, da tazarar kusan minti 10, ya haɗa da zango 6 (zango shi ne tseren kowace rana a cikin gasar), ya zo Tour de France ya sake cin zango 6 ya bar Jonas Vingegaard da sama da minti 6, sannan ya je Zurich ya ɗauki kambun duniya. Kafin shi Eddy Merckx a 1974 da Stephen Roche a 1987 ne kawai a maza suka taɓa haɗa waɗannan ukun a shekara ɗaya. Toh duk wanda abin da yake so a wasa shi ne ya zauna ƙirjinsa na bugawa bai san wa zai ci ba, dole wasu ranakun su yi masa tsawo.

Kuma koken nan ba sabo bane. A 1927 Alfredo Binda ya ci zango 12 cikin 15 na Giro, ya sake cin gasar a 1928 da 1929, abin ya kai a 1930 masu shirya gasar suka biya shi kuɗi daidai da abin da zai samu in ya ci, dan kawai ya zauna a gida kar ya zo. Kaga tun wancan lokacin masu gasa, waɗanda masu gidan jarida ne, sun san in an san mai ci, jarida bata sayuwa. Merckx ɗan Beljiyam shi ma haka, a Tour na 1969 ya ci da tazarar kusan minti 18, ya kwashe rigar jagora da ta maki da kambun hawan dutse duk shi kaɗai, kuma ƙiyayyar da wasu suka yi masa ta kai a 1975 wani ɗan kallo ya naushe shi a ciki yana tsaka da hawan dutsen Puy de Dôme.

Amma inda zan rabu da kai shi ne, ba duk mamaya ce iri ɗaya ba, kuma ta Pogačar bata cikin masu kashe wasa. Wanda ya kalli zamanin Miguel Indurain ɗan Sifaniya ya san me nake nufi. Ya ci Tour sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, amma a duk waɗannan biyar ɗin zangon da ya ci na tseren agogo ne kawai, wato wanda kowa ke fita shi kaɗai ana auna masa lokaci. Zai tara mintuna a nan, in an zo duwatsu sai ya bi bayan abokan hamayya ya hana su tsere masa, shikenan. Sai zamanin ƙungiyar Team Sky, wadda ta koma Ineos a 2019, daga 2012 zuwa 2019 sun ci Tour sau bakwai da Wiggins da Froome da Thomas da Bernal. Salonsu shi ne su jera mutanensu a gaban ayari su riƙe gudu mai zafi a kan dutse, ɗaya ya gaji ya kauce na bayansa ya karɓa, ta yadda duk wanda ya yi yunƙurin ɓallewa ba zai yi nisa ba za a cim masa ba tare da ko sun ɗaga kai sun kalle shi ba. Wannan ne a wajena asalin gundura, domin ana hana abu faruwa ne da gangan. Shi kuwa Pogačar shi ne ke haddasa faruwar abin, yana kai hari a inda lissafi ya ce kar a kai. A Zurich saura kilomita 100 ya tashi, abin da manyan abokan hamayyarsa suka ɗauka ganganci ne, kuma a ƙarshe da sakan 34 kawai ya tsira, wato kasada ce ta gaske wadda zata iya juye masa.

Sannan akwai abin da mutane da yawa basa lura da shi, rabin laifin gundurar yana wuyan waɗanda ke baya. A tseren keke iska ce babbar abokiyar gaba, wanda ke maƙale a bayan wani yana rage wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe a fili mara hawa. Dan haka a ƙa'ida mutum shida masu karɓa-karɓa a gaba ya kamata su kamo mutum ɗaya. Me yasa basa kamo shi? Saboda kowa a cikinsu yana tsoron ya yi aikin ja, wani ya huta a bayansa ya zo ya doke shi a layi. Sai kaga suna waige suna kallon juna, wannan ya ɗaga gwiwar hannu alamar na baya ya karɓa, na bayan ya girgiza kai, wani ya ɗan zabura su bi shi su sake lafawa, kafin ka ankara tazarar sakan 30 ta zama minti biyu. Daga nan kuma kowa ya koma lissafin na biyu. Ga shi hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tana tara wa ƙungiyoyi maki na shekara uku-uku, ƙungiyoyi 18 na sama ne ke samun lasisin babban rukuni, toh ƙaramar ƙungiya gara ta tabbatar da na huɗu ko na biyar ta kwashi maki da ta yi kasadar bin Pogačar ta tashi a tutar babu. Ban ga laifin ɗan tseren da ke kare abincinsa ba, amma wannan tsarin yana ba mutane lada a kan miƙa wuya da wuri, kuma abin yana min ciwo duk sanda na gani.

Ranar da aka ƙi miƙa wuya kuwa ai an ga abin da ya faru. Tour na 2022, zango na 11, ƙungiyar Jumbo-Visma ta zo da shiri. Ɗan ƙungiyar Primož Roglič ya kai hari Pogačar ya bi, da an kamo shi sai abokin ƙungiyarsa Vingegaard ya tashi Pogačar ya sake bi, haka suka yi ta yi masa ɗauki ɗai-ɗai tun a hanyar dutsen Galibier, shi kuma da zafin zuciyarsa ya ƙi barin ko ɗaya ya tafi. Da aka iso dutse na ƙarshe, Col du Granon, ƙafa ta ƙare, Vingegaard ya wuce, Pogačar ya iso riga a zuge ya yi asarar kusan minti uku da rigar jagora gaba ɗaya. Ka tambayi kanka, da ba shi ne ya ci 2020 da 2021 ba kuma kowa na ganin babu mai iya taɓa shi, wannan ranar zata yi nauyin da ta yi? Ƙarfinsa ne ya tilasta wa wata ƙungiya zama ta ƙirƙiro dabara, kuma sun sake kayar da shi a 2023 da sama da minti 7.

Wani abin da nake girmama shi a kai, yana zuwa inda ba a yi hanyar dan irin jikinsa ba. Milan-San Remo na 2025, tsere ne na kusan kilomita 300 wanda hawansa bai da tsanani, ya kai hari a tudun Cipressa, Mathieu van der Poel da Filippo Ganna suka manne masa, a tudun Poggio ya yi ta zabura van der Poel ya ƙi sakinsa, Ganna da aka bari a baya ya dawo ana daf da layi, ƙarshe van der Poel ya ci Pogačar ya zo na uku. Wallahi rabin awar ƙarshe na wannan tseren babu mai iya tashi daga gaban allo. Bayan sati uku ya shiga Paris-Roubaix karon farko, hanyar duwatsun daɓe wadda masu cin Tour suka daɗe suna gudu saboda tsoron karaya, ya kai har su biyu da van der Poel a gaba, ya shiga wata kwana da gudu ya faɗi saura kamar kilomita 38, ya ƙare na biyu. A Amstel Gold ma ya ɓalle shi kaɗai aka kamo shi, Mattias Skjelmose ya doke shi da Remco Evenepoel a layi. A Kigali ta Ruwanda, gasar duniya ta tseren kan titi ta farko a Afirka, ya ci tseren hanya, amma mako ɗaya kafin nan a tseren agogo Evenepoel da ya tashi minti biyu da rabi bayansa ya cim masa ya wuce shi. Duk a shekara ɗaya fa.

Abin da ni nake ganin ya fi haɗari ga wasan shi ne kuɗi. Tseren keke bai da iyakar albashi, dan haka ƙungiya irin UAE Team Emirates ta Pogačar tana iya ɗaukar mutanen da a wata ƙungiyar su ne kyaftin, ta mayar da su masu tare masa iska da ɗauko masa goran ruwa. An rage yawan 'yan ƙungiya a manyan gasa daga 9 zuwa 8 a 2018 dan a rage irin wannan riƙon, bai canza abu sosai ba. Shi Pogačar an haife shi a 1998, shekaru zasu rage masa ƙarfi kamar yadda suka rage wa Merckx, amma in ƙungiyoyi biyu ko uku suka ci gaba da saye duk wani matashi mai tasowa, bayansa ma wani za a ɗora a wannan kujerar. Akwai kuma masu zargin shan ƙwayar ƙara kuzari duk sanda suka ga irin wannan ƙarfi, kuma bayan an ƙwace wa Lance Armstrong kambun Tour bakwai a 2012 ba za ka hana mutane tambaya ba, sai dai tambaya daban hukunci daban.

Shawarata gare ka, canza yadda kake kallo. Tour zango 21 ne a sati uku, kuma ba gasa ɗaya ake yi a ciki ba. A 2024 ɗin nan da kake ganin an gama tun da wuri, Biniam Girmay ɗan Iritiriya ya ci zango uku ya tafi da koriyar riga ta maki, Mark Cavendish kuma ya ci zangonsa na 35 ya karya tarihin Merckx na 34. Ka riƙa duba taswirar zango kafin a fara, ranar da hanya ke da matsakaitan tuddai galibi manyan suna barin 'yan ɓallewa su tafi su raba raini a tsakaninsu, kuma faɗan awa ɗaya na farko dan shiga wannan rukunin sau da yawa ya fi na ƙarshe zafi. In tseren rana ɗaya ne mai yawan hawa kamar Il Lombardia, wanda Pogačar ya ci sau biyar a jere daga 2021 zuwa 2025, toh kunna da wuri tun saura kilomita 100, domin yanzu tun da nisa ake yanke hukunci. In kuma so kake ka zauna baka san mai ci ba har layi, sa wa San Remo da Roubaix alama a kalandarka, ɗaya a watan Maris ɗaya a Afrilu.