An Damƙa Mini Kuɗin Liyafar Ƙarshen Shekara, Kuma Akwai Giya a Lissafin

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina aiki a wani kamfani a Abuja, mu kusan 40 ne, Musulmi ba mu kai rabi ba. Duk Disamba akan yi liyafar ƙarshen shekara. Bana oga ya ce ni zan shirya, har an turo kuɗin asusuna, kuma a takardar sayayya akwai katan-katan na giya. Wani abokina ya ce Imamu Abu Hanifa ya halatta wa Musulmi ya ɗauko wa wanda ba Musulmi ba giya, don haka ni ɗan aike ne kawai. Ina tsoron in ƙi a ce ba ni da haɗin kai. Mene ne hukuncina?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, da ka ce gayyatarka aka yi, da amsar ta yi gajarta. Amma ka ce kuɗin suna asusunka, kuma nan ne hukuncin ya juya. Ita liyafar kanta, idan ta godiya ce ga ma'aikata, a ci shinkafa a raba kyaututtuka, ba a mayar da ita ibadar Kirsimeti ba, al'ada ce ta wurin aiki, babu laifi ka shirya ta. Giyar kuwa ba za ka saya ba, ba za ka sa ta a but ɗin motarka ba, ba za ka tura wa mai sayarwa kuɗinta daga wayarka ba.

Maganar abokinka tana da asali, ba ƙirƙira ya yi ba, amma ya ɗauko ta daga inda take ya ajiye ta inda ba wurinta ba. Abin da ke littattafan Hanafiyya shi ne, idan wanda ba Musulmi ba ya ɗauki Musulmi dako ya kai masa giyarsa wani wuri, Abu Hanifa yana ganin ladan dakon ya halatta. Dalilinsa shi ne ɗaukar kaya a karan kansa ba saɓo ba ne, ana iya ɗaukar giya don a zubar ko a mayar da ita khalli (ruwan tsamin nan da ake kira vinegar), shan kuwa aikin wani ne da zaɓinsa. Manyan almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammad bin Hasan, ba su bi shi a kan wannan ba, haka Imamu Malik da Shafi'i sun hana wannan ijara. Hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, wanda aka la'anci mutum 10 game da giya, ya ambaci mai ɗauka da sunansa, ya ambaci mai saye da wanda aka saya wa.

To ko mu bar duk wannan, mu tsaya a kan maganar Abu Hanifan, ba ta rufe ka ba. Shi yana magana ne a kan ɗan dako, kai kuwa za ka je shago ka yi ciniki ka biya, kuma Musulmi ya ƙulla cinikin giya da hannunsa ɓatacce ne a mazhabobi huɗu. Sannan Hanafawa da kansu sun fassara la'anar da ɗaukar da aka yi da nufin a sha. Kai wane shakku kake da shi a kan abin da za a yi da katan-katan ɗin nan? Ga ƙanƙara, ga kofuna a takarda ɗaya. Ƙari a kan haka, ni da kai mun san a irin wannan taro ba a rasa Musulmi ɗaya ko biyu da zai juye a kofin roba ya koma bayan rumfa. Kai ka sayo masa ke nan. Ina kuma jan kunnenka game da abokin da bai san Abu Hanifa a alwala da salla ba, sai ranar da ake neman ƙofa.

Abin yi bai kai yadda kake tsoro ba. Ka je wurin oga kai kaɗai, ba a gaban jama'a ba, ka ce abinci da rumfa da kujeru da lemo duk ka ɗauka, amma layin giya na takardar addininka ya hana ka. Ka mayar da kuɗin layin ga akanta, a rubuce, don kada gobe lissafi ya rikice a kanka. Kada kai ka zaɓi wanda zai sayo. Sau da yawa wanda ya yi aikinsa da kyau, ya faɗi iyakarsa cikin ladabi, ba a tsananta masa.

Zama a teburin da ake zagayawa da giya an hana, wannan ba sai na tsawaita ba. Tunda tsarin a hannunka yake, ka yi amfani da shi: a fara da azahar bayan an yi salla, a ci abinci, a yi jawabai da kyaututtuka, kai da 'yan'uwanka ku yi sallama kafin a buɗe kwalabe. Dare na yi da wuri, don magariba a Abuja a Disamba ƙarfe 6 da 'yan mintuna ne. Ka tuna da matan da za su koma Mararaba ko Kubwa ko Suleja, kada a tsare su har dare su faɗa motar ɓarayin nan da ake kira wan-cans. Ko waɗanda za su sha, ba laifi ba ne ka faɗa wa oga kada a bar mai maye ya ja mota, mutumin da zai buge a hanya ba a tambayar addininsa.

Nama ka saya inda ka san yanka ne. Janareta a waje nesa da taga, tukunyar gas nesa da rumfa. Kunun aya kuma idan ya wuni babu sanyi yakan juya, kada ka sa mutum 40 ciwon ciki da niyyar alheri. Masu gadi da masu shara a zuba musu tun farko, ba ragowar kula ba.

Idan oga ya kafe sai kai za ka sayo, ka ajiye shirin gaba ɗaya ka mayar da kuɗin, ka sake rubuto mini abin da ya biyo baya. Wallahu a'alam.