Amsa ga ɗan'uwan da ke son cin bashin banki ya sayi gidan haya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da miliyan 10 a hannu, kana son banki ya cika maka miliyan 20 ka sayi gida a Kano ka zuba 'yan haya, kuɗin hayar ya riƙa biyan bashin. Don Allah ka zauna da biro da takarda tukuna.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci ba sa ba da bashi da sauƙi. A ce sun ba ka a kashi 25, ruwan miliyan 20 kaɗai miliyan 5 ne a shekara, ba ka ma taɓa uwar kuɗin ba. To wane ɗan haya ne zai biya ka haka a gidan miliyan 30? Ni ina da gida ciki da falo guda huɗu, kuma wallahi duk shekara sai na cire na gyaran kwano, yashe shadda, fenti, ga wanda zai shekara bai biya ba kullum sai haƙuri, kai kuma banki ba ya jin haƙuri, wata na ƙarewa zai cire nasa.

Idan kai ma'aikaci ne ana cire maka kashi 2.5 na albashinka zuwa asusun gidaje na ƙasa (NHF), can ruwan bashin Federal Mortgage Bank, bankin gwamnatin tarayya mai ba da bashin gida, kashi 6 ne, har shekara 30 ana biya, amma na gidan da za ka zauna ne, kuma sai ka jure zirga-zirgar takardu. Batun riba kuwa ka sami malaminka. Bankunan Musulunci na Jaiz da TAJ suna da tsarin ijara (banki ya saya ya ba ka haya) da murabaha (banki ya saya ya sayar maka da ribar da kuka amince), su ma ka nemi a rubuta maka jimillar abin da za ka biya kafin ka sa hannu.

Ni fili na fara saya a bayan gari, na kewaye, in na kwashi adashi in buga bulo, shekara biyar kafin na kai linta na yi rufi. Na daɗe, amma ba wanda ya taɓa buga min ƙofa.

Da ni ne kai, miliyan 10 ɗin nan fili zan nema mai takarda, in je KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Kano, da ƙafata in bincika, kar dillali ya ce maka "ai mai unguwa ya sani" ka yarda. A wace unguwa ma gidan yake?